Telan da Ya Rage wa Fili Tsawo

Ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, ƙungiyar Gajiyayyun Zakuna ta garin Mbuda ta zagi mamaci, ta rubuta zagin a kan farantin tagulla, ta manna shi a jikin katako, sannan ta sa matar mamacin ta miƙa shi da hannunta ana tafi.

Mamacin shi ne Tanye Sokeng, tela, wanda ya shekara ashirin da shida yana shata layin filin da waɗannan tsofaffi suke buga ƙwallo. Da ya rasu suka ce za su karrama shi. Suka ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, wadda za a riƙa ba duk ɗan ƙungiyar da ya fi yi mata hidima a shekara. Har nan babu laifi. Laifin yana ga wanda suka fara ba, da abin da suka rubuta. Sun ba Lontsi, tsohon safiyo mai auna filaye, ga kuma rubutun: "Lambar Hidima ta Tanye Sokeng, ga Lontsi, saboda gyara kurakuran da aka daɗe ana yi a filin wasa." Mutum ɗaya ne tak ya taɓa shata filin nan kafin Lontsi. Ko ɗan aji biyu ya san kurakuran wa ake nufi.

Manye Odil, matar marigayin, ba ta san abin da ta miƙa ba, don ta manta tabaranta a gida. Sai da ta koma ta zauna, shugaban ƙungiya, Tsafak mai kantin magani, ya gyara murya ya karanta rubutun a lasifika, har da maimaitawa saboda na baya. Manye ta ɗora hannuwa a cinya ta yi shiru. Waɗanda suka san ta suka fara duban juna, domin wannan mata idan tana faɗa to da sauƙi, shirunta ne abin tsoro.

Tun da suka haifi tagwaye ba a sake kiran su da sunan baftisma kawai ba, shi ya zama Tanye, ita ta zama Manye, kamar yadda ake yi wa kowane uba da uwar tagwaye. Shagonsa na ɗinki yana bakin tashar mota, rumfarta ta fanke da wake tana jingine da bangon shagon. Shekara arba'in hayaƙinta yana shiga kayan mutane, shi yana gunaguni, ita tana ce masa ya kwashe kekensa ya koma wani gari.

Sau ɗaya Tanye ya taɓa buga wa ƙungiyar wasa. Dokar Zakuna ba ta canja ba tun kafuwarta: ƙarfe shida na safiyar Lahadi a filin bayan tsohon siton kofi, a kasu gida uku, biyu su shiga, ɗaya ya jira. Duk gidan da aka zura wa biyu yana nema sai ya fita, masu jira su shigo. Aka sa Tanye a baya. Cikin minti goma ya zura ƙwallo biyu a ragarsu, ɗaya da gwiwa, ɗaya da ƙeya, lokacin da ya juya yana ba gola haƙurin ta farko. Har ya mutu yana alfahari da cewa babu wanda ya taɓa gama wasa da sauri irinsa. A ranar aka karɓe rigar wasan daga hannunsa, aka ba shi bokiti, aka ce ya riƙa shata layi.

Da wani ne da ya ji haushi. Shi kuwa ya ɗauki abin kamar an ba shi sarauta. Kowace Asabar da la'asar sai ya rufe shago, ya kwashe tokar murhun Manye a bokiti, ya ɗauki turaku da doguwar igiya, ya tasa Manye gaba. Ita ke riƙe bakin igiyar, shi yana tafe a duƙe yana zuba toka kamar mai yin aska a wuyan riga. Idan ta saki igiyar ta tsaya gaisawa da wata, sai ya ce ai ko makaho ya fi ta riƙo. Ita kuma ta ce gobe ya zo da makahon.

Akwai halin da Tanye yake da shi a sana'arsa, wanda sai an san shi za a gane sauran labarin. Shi ke ɗinka wa 'yan ƙungiya gajerun wandunan wasa duk Disamba, da wandunan zuwa coci da na biki. Idan zai auna ƙugun mutum, sai ya juya lambobin tef ɗin su dubi nasa cikin, ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Tamanin da takwas, kamar bara." Bayan mutum ya tafi sai ya yanka yadin a ɗari da huɗu. Idan an kawo tsohon wando ana cewa ya motse a wanki, sai ya tsine wa sabulun zamani, ya farke, ya ƙara ƙyalle ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Har yau Shugaba Tsafak, wanda ba ya ganin takalminsa sai ya zauna, ya yarda ƙugunsa tamanin da takwas ne.

Shekara ashirin da suka wuce, wata Lahadi, Malam Ngefak mai koyar da lissafi ya bi wata doguwar ƙwallo tun daga tsakiyar fili. Ya kusa cim mata ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti ya cika, yana da shekara hamsin da shida. A taron da aka yi bayan jana'iza Tanye ya miƙe, abin da bai saba ba, ya ce filin nan ya yi musu girma, a rage shi. Tsafak, wanda a lokacin shi ne kyaftin, ya ce wannan cin mutunci ne, su zakuna ne, gajiyar da ke cikin sunan wasa ce kawai. Aka yi ta hayaniya, aka ci Tanye tarar kiret ɗin giya saboda raina ƙungiya, aka shanye a gabansa.

Ya koma gida ya ƙi cin abinci. Can ya tambayi Manye, duk wandunan da ya buɗa wa mutanen nan, akwai wanda ya taɓa gode masa? Ta ce babu. Akwai wanda ya taɓa kawo ƙara? Ta ce babu.

"To, fili ma wando ne," in ji shi. "Sai dai shi ragewa ake yi."

Sandunan raga na itacen turare ne, gara ba ta barin su su wuce shekara. Duk ƙarshen damina Tanye ne ke sare sababbi ya kafa. Daga wannan shekara, idan zai kafa sai ya matso da kowace raga taku ɗaya ciki, ya ɗan tsuke gefe da gefe, ya yi ƙulli a jikin igiyar daidai inda sabon tsawon ya tsaya. Taku ɗaya ta nan, taku ɗaya ta can, wa zai lura? Matsalar ita ce tsofaffin ramuka da ƙasar da ta rage a bayan raga, waɗanda za su iya tona asiri. Wannan kuwa bai zama matsala ba, domin ba a haifi macen ƙasar nan da za ta ga ƙasa tafin hannu a banza ta wuce ba. Manye ta yi kunyoyi a wurin ta shuka wake. Waken nan shi take dafawa da manja ta kawo musu kowace Lahadi bayan wasa, da fanke mai zafi, ba ta taɓa karɓar ko dala ba.

Shekara na tafiya, fili na tsukewa, Zakuna na ƙara ƙuruciya. Mutanen da a da sai sun huta sau biyu kafin su kai ragar abokan gaba suka koma kaiwa da numfashi ɗaya. Tsafak yana da shekara sittin da ɗaya ya ci ƙwallo daga tsakiyar fili. Ya ce sirrin namijin goro ne da barin sukari, ya jera namijin goro a kantinsa kusa da maganin zazzaɓi. Wata shekara tsofaffin garin Bafusam suka zo wasan zumunci, kyaftin ɗinsu ya dubi filin ya ce kamar ya yi ƙanƙanta. Aka bayyana masa cewa iskar kan tudu ce take yaudarar idon baƙo. Tanye yana gefe da bokitinsa, ya ce shi ma ya sha jin haka.

A watan Fabrairun bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana huɗu. Manye tana zaune a bakin gadon asibiti tana jiran ya yi maganar shago ko ta tagwaye, sai ya ce mata bana a matso da taku biyu biyu, ya ga yadda Shugaba yake hawa matakalar coci. Washegari ya rasu.

Lontsi kuwa bai daɗe da dawowa gida ba, bayan ya yi ritaya daga aikin auna filaye a Duwala. Shekararsa hamsin da takwas, shi ne yaron ƙungiya. Da aka nemi wanda zai gaji bokiti ya ɗaga hannu, kuma a ba shi haƙƙinsa, ba rago ba ne. Sai dai bai zo da bokiti ba. Ya zo da na'ura mai ƙafa uku, ya kafa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya sake leƙawa. Sannan ya tara 'yan ƙungiya ya sanar da su cewa filin da ya kamata ya kai mita ɗari, mita saba'in da ɗaya ne.

"Ko dai telan nan bai iya awo ba," in ji shi, ya juya ya dubi kunyoyin waken da ke bayan raga, "ko kuma ya iya sosai."

Kafin ranar kasuwa maganar ta zagaye Mbuda: ashe Tanye Sokeng satar fili yake yi wa matarsa tana noma. Manye ta ji ta a bakin masu sayen fanke, waɗanda suke yin shiru idan ta juyo. Tana cikin baƙaƙen kayan takaba aka tuge waken, aka kafa sandunan ƙarfe da siminti, aka shata layi da farar ƙasa, ɗoɗar kamar titin jirgi.

Lahadi bakwai a jere ba a ci ƙwallo ko ɗaya ba. Tun da babu wanda aka zura wa biyu, gida na uku ya riƙa zama a benci daga shida zuwa takwas, su tashi su tafi coci ba tare da sun yi gumi ba. Bugun kwana ya daina isa bakin raga, sai ya faɗi a hanya ya kwanta. Jumesi, tsohon direban da ke tsaron gida, ya fara zuwa da jarida. Mai kai hari idan ya samu ya isa gaban raga sai ya dafa gwiwa, mai tsaron baya ya zo ya dafa kusa da shi, su gaisa, su tambayi iyali. Shugaba ya ce laifin ƙwallo ne, aka sayi sababbi uku. Da abin ya ƙi, aka fara raɗe-raɗin cewa Manye ce ta ɗaure filin saboda haushin wakenta. Aka aika mutum biyu da kaza da gishiri su ba ta haƙuri. Ta karɓi kazar, ta ce su je, ta yafe wa ƙwallo.

Duk da haka, da Nuwamba ta zo, suka ba Lontsi lambar. Mutum ya kashe kuɗinsa a siminti, in ji su, kuma ya fitar da ƙungiya kunya.

Lahadin da ta biyo bayan bikin, an tashi wasa babu ci kamar kullum, an zauna taro a rumfar gefen fili, sai ga Manye da buhu a ka, tabarau a hanci. Mace ba ta magana a taron Zakuna, amma ba a yi namijin da zai ce wa uwar tagwaye ta yi shiru ba. Ta sauke buhun ta zazzage igiyar Tanye. Ta ɗaura baki ɗaya a sandar ƙarfen Lontsi, ta ja ta har zuwa ɗaya ragar. Igiyar ta kai cif, ba ragi ba ƙari. Ta dawo a hankali, ta kira Lontsi da sunan da matan nan suke kiran abokan mazajensu.

"Mijina, mita nawa ka ce tsakanin ƙarafunanka?"

Ya ce ɗari.

"Igiyar tela fa?"

Ya dubi igiyar, ya ce da alama ita ma ɗari ce.

"To ashe ya san ɗari. Taso ka ga inda ya ajiye sauran."

Duk suka taso, har masu ciwon gwiwa. A ƙarshen igiyar akwai ƙulli goma sha tara, kowane da tazarar taku biyu, kowane da ɗan ƙyalle a soke. Manye ta ba su labarin tun daga ranar da Malam Ngefak ya faɗi. Da ta zo kan tarar giya, Jumesi ya cire hula ya ce shi ya tuna, kwalba uku ya sha. Sannan ta bayyana ƙyallayen. Duk shekara Tanye yakan yanki ɗan guntu daga wandon wanda cikinsa ya fi na kowa ƙaruwa a ƙungiya, ya soke a ƙullin shekarar, don ya tuna saboda wa ya rage. Ta ɗaga wani mai ruwan ƙasa da ratsin fari, ta tambayi Shugaba ko ya gane shi.

Shugaba ya ce yadi ai iri ɗaya ne a kasuwa.

"Na auren 'yarka ne, mijina. Wancan shuɗin na bikin buɗe kantinka na biyu. Cikin goma sha tara, bakwai naka ne. In ci gaba?"

Dariya ta ɓarke, amma ba ta daɗe ba, domin kowa ya fara leƙen igiyar yana neman nasa. Lontsi ya tsaya da hannu a aljihu, ya ce shi dai awo ya yi, kuma awo ba ya ƙarya.

"Ban ce na'urarka ta yi ƙarya ba," in ji Manye. "Ita ta tsaya a saba'in da ɗaya. Bakinka ne ya wuce ya shiga gonar wake. Waken nan kuwa, ku dubi cikinku. Shekara goma sha tara kuna cin filinku da cokali, har da neman ƙari."

Shugaba Tsafak ya daɗe yana kallon tsakiyar fili. Can ya rage murya ya tambaye ta, wato ƙwallon nan da ya ci daga tsakiya... Ta ce mita talatin da biyar ne, kuma ranar iska tana bayansa. Ya gyara wando, ya sanar cewa magana ce babba, za a miƙa ta ga kwamiti.

An shiga Janairu, kwamiti bai zauna ba. Amma duk mai wucewa ta bayan siton kofi da safiyar Lahadi zai ga abin mamaki. Sandunan ƙarfe suna nan tsaye, ba mai zuwa kusa da su. An jera jakunkuna da takalma a matsayin raga, can ciki, a kan tsofaffin ramukan Tanye. Masu gani sun ce Lontsi ne da kansa ya ajiye jakar farko, ya rufe ido ɗaya ya daidaita ta, har ya ƙara matsowa da taku biyu. Idan an tambaye su sai su ce bakin ragar ƙarfen ne ya yi taɓo. Rabon Mbuda da ruwan sama tun tsakiyar Nuwamba. An koma cin ƙwallo, gida na uku ya koma yin gumi, Jumesi ya bar jaridarsa a gida. Allon tagulla kuwa yana rataye a falon Lontsi da rubutunsa yadda yake, kuma a kasuwa har yanzu akwai masu cewa tela ɓarawon fili ne, tun da ba wanda ya fito ya ce ba haka ba ne.

Asabar ta ƙarshen Fabrairu za a yi babban bikin makokin Tanye Sokeng na cika shekara a ƙauyensu. Tagwaye za su zo daga Yawunde da surukansu. Zakuna sun riga sun aiko cewa za su zo cikin rigunan ƙungiya, su shiga da'irar rawa, kuma Shugaba zai karanta allon a gaban jama'a don a san yadda suka karrama ɗan'uwansu. A irin wannan rana iyalin mamaci sukan yi rawa riƙe da kayansa. Manye ta ce ita ba almakashi za ta ɗauka ba, ba tef ba. Igiya za ta rataya a wuya, kuma matan 'yan ƙungiya duk suna cikin da'irar, kowace ta san yadin wandon mijinta.

Saboda haka, Shugaba Tsafak, da kai Lontsi, da ku 'yan kwamitin da ba ya zama: ba wanda ya ce ku karɓe lambar daga hannun Lontsi, ya riƙe abinsa, ya sayi siminti. Amma kafin wannan Asabar ku cire farantin nan, ku kankare kalmar kurakurai. Ku mayar wa Manye kunyoyinta na bayan raga, tun da ku ma kun daina taka wurin. Sannan kai Shugaba ka tsaya a tsakiyar makoki, da lasifikar nan taka, ka faɗa wa tagwaye da surukansu da 'yan kasuwa wanda ya rage filin da dalilin da ya sa ya rage shi, ka maimaita saboda na baya. Idan ka gama, ka faɗi awon ƙugunka na gaskiya.